Ƙaiƙayin dubura: tambayoyin da ake jin nauyin yi, da amsoshinsu

A nan Yamai mutum zai gaya maka yana fama da hawan jini ko ciwon suga ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Amma in ƙaiƙayi ya kama shi a dubura sai ya haɗiye maganar, ya yi wata da watanni yana susa a ɓoye, yana yawo daga wannan mai jiƙo zuwa wancan. Tambayoyin nan su ne waɗanda mutane suka fi yi in sun samu wanda za su buɗe wa ciki. Zan kira kowane abu da sunansa, a yi mini afuwa inda magana ta yi nauyi.

Shi ƙaiƙayin nan cuta ce mai zaman kanta?

Galibi alama ce kawai. Fatar da ke kewaye da dubura siririya ce, tana da saurin ji, ga ta a lulluɓe inda iska ba ta ratsawa, kullum kuma tana haɗuwa da gumi da bayan gida. Abu kaɗan ya isa ya tayar mata da hankali: ɗan ragowar bayan gida da ya maƙale, damshi, sabulu, tsutsar ciki, basir, tsagewar bakin dubura, cutar fata, ko ciwon suga da mutum bai ma san yana da shi ba.

Akwai kuma mutane da yawa da za a bincika ƙwarai ba a ga komai ba. A wurinsu abin da ya fara kawo ƙaiƙayin ya daɗe da wucewa, susar ce ta riƙe shi. Farce ya kuje fata, bayan gida ya taɓa kujewar ya yi raɗaɗi, wurin ya fara warkewa ya yi ƙaiƙayi, a sake kai hannu. In aka daɗe a haka sai fatar ta yi kauri, ta yi fari-fari, ta tsattsage. Maza daga shekara 40 zuwa 60 sun fi fama da irin wannan. Yara kuwa tasu matsalar daban ce, za mu zo kanta.

Duk wanda na gaya wa sai ya ce basir ne. Ba shi ba ne?

Ɗan'uwa, wannan ita ce maganar da ta fi damuna. A wurinmu basir ya zama buhun da ake zuba kowane ciwo a ciki: kumburin ciki basir, ciwon baya basir, kasala basir, raunin namiji basir. Wasu su ce zahi ne, maƙwabtanmu Zabarmawa su ce weyno. A likitance kuwa basir abu ɗaya ne tak. Kowane mutum yana da wasu tarin jijiyoyin jini a cikin bakin dubura, aikinsu su taimaka wurin ya rufe ruf. In aka yawaita yunƙuri saboda taurin bayan gida, ko aka daɗe a tsugune, ko ciki ya danne su a lokacin juna biyu, sai su kumbura, su yi jini, wani lokaci su leƙo waje. Wannan shi ne basir.

Yana kawo ƙaiƙayi? Ƙwarai. Wanda ke leƙowa yana tsattsafo da wani ruwa mai yauƙi da ke jiƙa fata, kuma tsiron da ya saura a waje yana hana tsarki ya fita tas. Amma shi ɗaya ne daga cikin dalilai da yawa, kuma ba a gane shi da labari, sai an duba da ido.

Ga inda cutarwar take. Jiƙon basir da yawa da ake talla a bakin kasuwa da tashar mota maganin sa gudawa ne. Mutum ya sha, ciki ya ɓarke, ya ga wani abu kamar majina a bayan gidansa, mai magani ya ce: «Ka gani ko? Basir ɗin ne ke fita.» Ba basir ba ne, yauƙin hanji ne da maganin ya wanko. Gudawar kuma ita ce ke ƙara cinye fatar dubura, ƙaiƙayin ya ninka. Mafi muni shi ne wanda ciwonsa ƙari ne a hanji ko marurun da ya fasa hanya, ya shekara yana shan jiƙo, sai abin ya yi nisa a kawo shi asibiti. Masu ɗaure tsiro da zare ko ƙona shi da wani magani mai ci kuwa, don Allah a guje su. Ana samun zubar jini, da ruɓewar wuri, da tabon da ke tsuke dubura har bayan gida ya gagara.

Ni mai tsabta ne, duk tsarki sai na sa sabulu. To me ya kawo mini wannan?

Wataƙila sabulun ne. Tsarkin da muke yi da buta ya fi gogewa da takarda nesa ba kusa ba, har likitocin ƙasashen da suka saba da takarda ma ruwa suke cewa a koma wa. Kuskurenmu a wuri biyu yake.

Na farko shi ne wuce gona da iri. Fata tana da ɗan maiƙo nata da ke kare ta. Sabulu, musamman na wanki da mai turare da wanda ake cewa yana kashe ƙwayoyin cuta, yana wanke wannan maiƙon ya bar fata a bushe, a kuje. Da ƙaiƙayi ya fara sai mutum ya ɗauka dauɗa ce, ya ƙara sabulu, ya kawo soso, wani ya ɗiga Dettol a buta, wani har ruwan jabel. Kowane ƙari sai ya ƙara ciwo. Akwai kuma masu waswasi, waɗanda za su daɗe a makewayi suna dirza, har da zura yatsa ciki. Malaman fiƙihu ma sun ce ba a ɗora wa mutum wanke abin da ke can ciki ba. Ruwa zalla da tafin yatsu, a hankali, ya wadatar.

Na biyu kusan kowa na yinsa: a gama tsarki a ja wando a kan jiƙaƙƙen jiki. Ka lissafa sau nawa mutum ke kama ruwa daga asuba zuwa lisha, za ka ga wurin bai taɓa bushewa ba. Fatar da ta wuni a jiƙe tana laushi ta saɓule, kamar yadda tsakanin yatsun ƙafa ke yi. Ka ware ɗan ƙyalle na auduga mai laushi, naka kai kaɗai, ka riƙa danna shi a hankali bayan tsarki ba tare da gogawa ba, a wanke shi kullum a shanya a rana. Wannan kaɗai ya raba mutane da yawa da ƙaiƙayin da suka daɗe da shi.

Me ya sa ya fi tashi lokacin zafi, kuma da dare?

A Afrilu da Mayu zafin Yamai na haura digiri 40, damina kuma ta zo da nata damshin. Ɗan kabu-kabu da ya wuni a kan sirdi, direban taksi, tela a kan kekensa, mai jiran shago a kujerar roba, duk gumi na taruwa musu a wuri ɗaya. In aka haɗa da matsattsen kamfai na roba, an gama. Da dare kuwa hankali ya kwanta, babu abin da zai ɗauke shi daga ƙaiƙayin, kuma mutum na susa cikin barci bai sani ba. Amma ƙaiƙayin da ke tada mutum daga barci tsakar dare, da rana kuma ya lafa, a fara zargin tsutsa, ko ga babba ne.

Yarona ɗan shekara biyar ba ya barci, sai juye-juye da susa. Mene ne?

Uwar gida, mafi yawan lokaci wata ƴar tsutsa ce, fara, siririya kamar guntun zare, tsawonta kusan santimita 1. A takardar asibiti za ki ga an rubuta «oxyures». Tana zaune a babban hanji. Da dare, in yaro ya yi barci jiki ya saki, sai macen ta rarrafo waje ta zuba dubban ƙwai a fatar dubura, da wani ruwa mai danƙo da ke sa ƙaiƙayi. Cikin awa 4 zuwa 6 ƙwan ya isa kama mutum. Yaro ya sosa, ƙwai ya shige ƙarƙashin farce, da safe ya sa hannu a baki ko a kwanon da yake ci da ƴan'uwansa. Ido ba ya ganin ƙwan, kuma yana iya yin mako 2 zuwa 3 da rai a kan tabarma, zanen gado, wando da kayan wasa. Shi ya sa in ta shiga gida sai ta zagaye kowa, haka ma a makarantar allo da ta boko.

Ba daga akuya ko kyanwa ko kaji ake ɗaukarta ba, daga mutum zuwa mutum ne. Kuma ba shan zaƙi ke haifar da ita ba, duk da abin da kakanni ke faɗa.

Kina iya gani da idonki. Ki bari yaro ya yi awa biyu ko uku da barci, ki kunna fitilar wayarki, ki kwantar da shi rub da ciki, ki buɗa ɗuwawunsa a hankali. In tana nan za ki ga ɗan farin zare yana motsi a bakin dubura, da haske ya taɓa shi sai ya nemi komawa. Kada ki firgita, kada kuma ki yi wa yaron faɗa. Ba ƙazantarsa ba ce, ƴaƴan masu hali ma suna kamuwa. A asibiti akwai gwajin sikoci: da sassafe, kafin yaro ya yi wanka ko ya zaga, a manna sikoci irin wanda ake ganin abu ta cikinsa a bakin duburar a ɗaga, a manna a gilashi a duba da madubin likita. In aka yi safiya uku a jere ba kasafai take kuɓuta ba. Awon bayan gida na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna ta, don ba a cikin kashi take zuba ƙwai ba. Saboda haka in an ce miki awon kashi bai nuna komai ba, wannan bai wanke ta ba.

Ga ƴa mace, tsutsar kan ɓata hanya ta shiga gaba, ta kawo ƙaiƙayi da ɗan ruwa a can ma.

An ba shi maganin tsutsa, ya samu sauƙi, bayan wata ɗaya abin ya dawo. Maganin jabu ne?

Ba lallai ba. Mebendazol ko albendazol suna kashe tsutsa, amma ba sa kashe ƙwai. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a sha sau ɗaya, a sake bayan mako 2, lokacin da ƙwan da ya saura ya ƙyanƙyashe bai kai ga yin nasa ƙwan ba. Kuma duk gidan za a ba rana ɗaya, har maigida da ƴar aiki, har wanda ba ya jin komai. Mai juna biyu, musamman a watanni uku na farko, da yaron da bai kai shekara 2 ba, kada su sha sai ma'aikacin lafiya ya ce. Ƙwayar da ake raba wa yara lokacin zagayen rigakafi tana da amfani sosai, amma sau ɗaya ce, kuma ba ta hana sake ɗauka.

A makonnin nan biyu a yanke wa kowa farce, a yi wa yara wanka da safe don a wanke ƙwan daren, a sauya musu wando kullum, a wanke zannuwan gado da ruwan zafi a shanya a rana. Kada a kakkaɓe su a cikin ɗaki, ƙwan na tashi da ƙura a shaƙe shi a haɗiye. Sabulun da na hana a dubura, a hannu ake son sa: bayan makewayi da kafin cin abinci.

A magani kuma a sayo shi a farmasi. Ƙwayar da ta wuni a tire a kan mai talla cikin rana, ba wanda zai iya rantse miki da abin da ke cikinta.

Duburar jaririna ta yi ja wur, tsofaffi sun ce ɗankanoma ne.

Ja a wurin nan ga jariri yawanci daga gudawa ne ko daɗewa cikin jiƙaƙƙen famfas. A riƙa sauyawa da wuri, a wanke da ruwa, a bar shi ya sha iska, a shafa basilin ko man zinki. In jan ya bazu zuwa matse-matsi da ƙananan ƙuraje a gefe, kandida ce, wata cutar fata mai son damshi, tana da nata man. In kuma yaro ya ɗan tasa, jan ya yi zobe sosai kewaye da dubura, yana kuka in zai yi kashi har yana riƙewa, akwai ɗigon jini, to wata ƙwayar cuta ce irin mai kawo ciwon maƙogwaro, sai an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta. Abin da nake roƙo shi ne kada a tura wa yaro komai a dubura: ba garin magani, ba kanwa, ba toka, ba barkono. In yana gudawa, abin da ya fi gaggawa shi ne ruwan gishiri da sukari da kai shi likita.

Gaskiya ne abinci na jawo shi?

Ga wasu, i. Yajin kilishi da tsire da barkonon miya ba ya narkewa duka a ciki, yadda ya yi zafi a shiga haka yake yi a fita. Kofi, shayi mai kauri irin na fada da ake zagayowa har sau uku, goro, lemon kwalba mai kola, cakulan, tumatir, lemon tsami da giya duk an san su da tsananta ƙaiƙayi ga wanda jikinsa bai jure ba. Kofi musamman yana sassauta naman da ke rufe dubura, ɗan ruwa ya riƙa tsattsafowa mutum bai sani ba, sai dai ya ga alama a kamfai.

Ban ce a bar su duka ba. Ka ajiye guda ɗaya na mako biyu ka gani. In babu canji ka dawo da shi ka gwada wani. Abin da ya fi muhimmanci shi ne bayan gida ya daidaita, kada ya yi tauri kada ya yi ruwa. Farar shinkafa da burodi safe da dare suna ɗaure ciki. Dambun zogale, wake, miyar kuka da kuɓewa, rama, tuwon gero da dawa, gwanda da mangwaro, da ruwa mai yawa, su ke sa a zaga ba yunƙuri. Kuma a bar shiga makewayi da waya.

An ce in je awon suga. Me ya haɗa suga da ƙaiƙayi?

Wanda ya ce ka je ya yi daidai. In suga ya hau, kandida da sauran cututtukan fata irin makero suna samun wurin zama a duk inda jiki ke da lanƙwasa da damshi. Wurin ya yi ja, ya jiƙe, ya yi ƙananan ƙuraje a baki-baki, sau da yawa har matse-matsi da gaba. Mutane da dama ta wannan hanyar aka fara gano musu ciwon suga. In ƙaiƙayin ya haɗu da yawan fitsari, ƙishirwa da rama, kada a jira. Awon na ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa.

Shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai ma na kawo kandida da gudawa. Wanda kuma duk jikinsa ke ƙaiƙayi, ido ya yi rawaya ko ƙafa ta kumbura, a duba masa hanta da ƙoda. In ƙaiƙayin ya haɗa da tsakanin yatsu da wuyan hannu, kuma mutanen gida duk suna susa, ƙazuwa ce.

Ina da juna biyu wata bakwai, abin ya dame ni.

Sannu, Allah ya raba lafiya. Nauyin ciki, taurin bayan gida, ƙwayar ƙarin jini da ke ƙara ɗaure ciki, da yawan ruwan gaba, duk suna haɗuwa a wannan lokacin. Ki gaya wa ungozoma ranar awo, ba sabon abu ba ne a kunnenta. Kada ki bar ƙwayar ƙarin jini da kanki, kada kuma ki sha jiƙo. Basir ɗin juna biyu galibi yana lafawa bayan haihuwa. Amma in tafin hannu da tafin ƙafa suka kama ƙaiƙayi mai tsanani, musamman da dare, ki faɗa da wuri, don wannan na iya zama daga hanta.

Wane mai zan shafa? Akwai wanda na saya a kasuwa, yana kwantar da shi nan take.

Duba jikin bututun. In ka ga betametazon ko klobetazol, to irin man nan ne mai ƙarfi da ake haɗa man ƙara hasken fata da shi. Gaskiya yana kashe ƙaiƙayi a rana ɗaya, shi ya sa ake yabonsa. Amma in aka daɗe ana shafawa yana sirantar da fata har ta riƙa tsagewa da kanta, yana ciyar da kandida da makero gaba, kuma ranar da aka bari ƙaiƙayin zai dawo fiye da da. Fatar dubura ta fi ta fuska saurin lalacewa da shi. Mai sauƙin cikinsu, hidrokortizon kashi 1 cikin 100, shi likita kan rubuta, na mako ɗaya ko biyu, bayan ya tabbatar ba kandida ba ce.

Man zafi, man goge baki, alimun, lemon tsami, turare, duk ƙona wurin suke yi. Mayukan basir masu kashe zafi ma in aka daɗe da su wasu fatarsu kan ƙi su, su zama su ne ke kawo ƙaiƙayin. Zama a ruwan ɗumi zalla na minti 10 yana da daɗi kuma ba ya cutarwa. In aka zuba bagaruwa mai kauri ko gishiri da yawa sai ya busar da fata ya tsattsaga ta. Abin da ba ya cutarwa shi ne basilin mara turare ko man zinki, a shafa kaɗan bayan wuri ya bushe, ya shiga tsakanin fata da damshi.

Ana ɗaukarsa ta hanyar kwanciya? Zan iya shafa wa iyalina?

Ƙaiƙayin gumi, sabulu, abinci ko basir ba a ɗaukarsa. Tsutsa da ƙazuwa da makero suna yawo a gida ta hannu da tufafi. Akwai kuma cututtukan da ake ɗauka ta saduwa da kan fito a wurin: ƙananan tsiro masu kaushi da ke yaɗuwa, ƙuraje masu ruwa da ke fashewa su yi raɗaɗi, gyambo mara zafi, ko fitar mugunya. Suna iya bayyana a dubura ko da ba ta nan aka sadu ba, don haka ganinsu ba hujja ba ce ta zargin kowa. Suna da magani, ana yi wa miji da mata tare, kuma yana da kyau a haɗa da awon sida, wanda ake yi cikin sirri.

To me zan yi a gida kafin in ga likita?

Ka ba kanka mako biyu. Ruwa zalla, busarwa a hankali, basilin ko man zinki, kamfai na auduga mai walawa da ake sauyawa kullum, a ɗauraye shi sosai kada omo ya saura. Ka ajiye duk wani mai da jiƙo. Ka yanke farce. In ƙaiƙayi ya taso, ka danna wurin ta saman tufa ko ka ɗora ƙyalle mai sanyi maimakon susa. Na san faɗa ya fi yi sauƙi, kwanakin farko akwai wuya, amma fatar nan tana saurin warkewa in aka ƙyale ta.

Yaushe ne zama a gida ya ƙare?

Akwai abin da ba ya kwana. Kumburi mai zafi da zogi a gefen dubura, har zama ya gagara, da zazzaɓi: maruru ne, sai an fasa shi a asibiti, maganin sha kaɗai ba ya isa. Ga mai ciwon suga wannan na iya bazuwa cikin kwana ɗaya ko biyu ya zama barazana ga rai. Haka jini mai yawa ko guda-guda, ko bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo da wari, ko jiri da bugun zuciya bayan zubar jini, ko tsiro ya fito ya ƙi komawa ya yi baƙi. Waɗannan a tafi yau.

Akwai kuma abin da za a je cikin ƴan kwanaki: duk wani jini, ko ɗigo ne, in ba a taɓa dubawa ba, ƙullutu ko tauri da hannu ke ji, gyambon da ya ƙi warkewa, ƴar ƙofa a gefen dubura da ke ɗigar da mugunya, ta rufe ta sake buɗewa, zafi kamar yankan reza lokacin bayan gida, fatar da ta sauya launi a gefe ɗaya, bayan gida na zubowa ba da sani ba. In mutum ya haura shekara 40, yanayin bayan gidansa ya sauya na makonni, yau gudawa gobe tauri, ko ya sirance, ko yana jin bai gama ba, ga rama da ƙarancin jini, kada ya yarda kowa ya sallame shi da sunan basir. Wanda ke shiga kogi ko aikin fadamun shinkafa ya ga jini a kashi ko fitsari, ya faɗa, a duba tsargiya.

In kuma babu ko ɗaya cikin waɗannan, amma an yi mako biyu ana kiyayewa ba sauƙi, ko ƙaiƙayin na hana barci, shi ma ya isa dalili.

Ina tsoron kada ya zama ciwon daji.

Ƙaiƙayi shi kaɗai ba kasafai yake zama daji ba. Amma dajin dubura da na hanji suna nan, suna kuma farawa da alamun da kowa ke kira basir: jini, ƙullutu, ƙaiƙayin da ya ƙi jin magani. Wanda aka gano da wuri galibi ana yi masa aiki ko magani ya warke. In a danginka akwai wanda ya yi dajin hanji, ka gaya wa likita tun a zaman farko.

Gaskiya kunya ce ke hana ni. Me za a yi mini a can?

Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likita zai fara da tambayoyi: yaushe ya fara, akwai jini, yaya bayan gida, me ka shafa. Sai ka kwanta a gefen hagu ka naɗe gwiwa, a rufe ka da zane, wurin kaɗai za a buɗe. Zai duba da ido, sannan ya sa safar hannu da mai santsi ya taɓa ciki da yatsa ɗaya. Wani lokaci a sa ɗan gajeren bututu a haska. Duka bai wuce ƴan mintuna ba, kuma in akwai tsagewa mai zafi ba a tilastawa. Daga nan ne zai san ko a yi awon suga, ko gwajin sikoci, ko a kankari fata a duba, ko a tura ka a haska hanji gaba ɗaya.

Kana da damar neman namiji ya duba ka, mace ta nemi mace, ko a shiga da wanda aka yarda da shi. Ma'aikacin da ya rubuta maka maganin basir ba tare da ya duba ba, alhali kana zubar da jini, ka roƙe shi cikin ladabi ya duba, ko ya tura ka gaba.

Ina zan nufa?

Ka fara da gidan likitan unguwarku, wanda ake kira CSI. Majo ko ungozoma na iya gama maganar tsutsa, kandida da awon suga a nan, kuma tun 2006 doka ta sa duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta ne a asibitocin gwamnati. In abin na fiɗa ne ko na hanji, za a ba ka takarda zuwa Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, ko asibitin Amiru Bubakar Jallo da ke Lamorde a ƙetaren kogi, ko asibitin Poudrière, ko babban asibitin Référence. In na fata ne akwai cibiyar ƙasa ta cututtukan fata da kuturta. Mutanen Tawa suna da babban asibitin jiha, na wajen Ƙonni da Madawa kuma asibitin Galmi ya fi musu kusa.

Ranar zuwa kada ka shafa komai a wurin, don mai na ɓoye abin da ake son gani. Ka zuba duk bututun da ƙwayoyin da ka yi amfani da su a leda ka tafi da su, har da jiƙon, ka faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ka yi kana sha. In na yaro ne kuma kin ga tsutsar da dare, ki manne ta da sikoci ki kawo.